Kwana Nawa Ne Tsakanin Dabino da Giya?

Ana saura mako guda Babbar Sallar 2022 na gabatar da wani shiri na minti arba'in a gidan rediyon da nake aiki a lokacin, a Omdurman. Batun shirin shi ne sharbot, abin shan nan na dabino da gidajen Sudan ke haɗawa domin ya saukar da naman layya. Na bayyana yadda ruwan dabino ke juyewa ya zama giya, na kwatanta da yadda Turawa ke yin giyar inabi, sannan na lissafa alamomin da uwar gida za ta gane cewa abin da ke cikin jarkarta ya fita daga halal. Ban gama cire abin sauraro daga kunnena ba waya ta fara ruri. Wani dattijo ya ce na mayar da rediyo mashaya. Wata baiwar Allah ta ce idan ɗanta ya lalace ni za ta kama ranar gobe. Wani kuma ya tambaye ni ko a makarantar jarida aka koya mini rashin kunya.

Da yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya tarwatsa mu, na zaci maganar ta mutu. Sai ga shi wani ya tono muryar shirin, ya yanke minti uku daga tsakiya, ya jefa a WhatsApp. Zagin ya dawo sabo, wannan karon har daga Kano da Maraɗi. To tunda iska ba ta riƙe magana, bari in amsa a rubuce, yadda duk wanda zai yanke zai san akwai sauran a gabansa da bayansa.

Ni Musulmi ne, giya haramun ce, ba na jayayya da kowa a kan wannan. Ban taɓa shan ta da sanina ba. Ka riƙe kalmar nan "da sanina", ya kai mai karatu, domin a kanta duk rigimar take.

Ga wanda bai san mu ba: mu Hausawan Sudan ne. Wasu kakanninmu sun tako da ƙafa a hanyar aikin Hajji suka yada zango, zangon ya zama gida. Wasu sun biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan an kashe mahaifinsa Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Muna cin tuwo muna cin kisra, muna shan kunu muna shan hulu-mur da azumi. Sharbot ma mun karɓe shi kamar yadda muka karɓi jallabiya da rawani. Ana dafa busasshen dabino da citta da kirfa da habbahan, a tace, a zuba masa tsiron dawa ko yis ɗin burodi, a rufe. Nan ne gizo ke saƙa.

A Layyar 2016 mun taru a gidan kawuna a Umbadda. Kawu mutum ne na sahun farko, ba a taɓa jin sa da wasa da addini ba. Matarsa ta haɗa sharbot tun kwana biyu kafin Arfa, a cikin jarkar roba mai murfin murɗawa, ta aje a bayan ɗakin girki inda rana ke duka. Ranar sallah da azahar aka buɗe, murfin ya yi tsalle, kumfa ya tashi, kowa ya yi dariya aka ce ya nuna. Na sha kofi biyu. Na ji wani ɗumi ya bi ta ƙirjina, kaina ya yi sakayau, bakina ya saki. Ɗan autan gidan, yaro mai shekara goma sha huɗu, ya sha kofi huɗu. Da aka kira la'asar ya miƙe zai yi alwala, ya yi tangaɗi ya dafe bango, ya koma ya kwanta, bai farka ba sai bayan isha'i. Aka ce nama ne ya yi masa nauyi.

Kakata ce kaɗai ba ta sha ba. Ta kai kofin hancinta, ta ɗiga a harshe, ta tofar, ta ce wa matar kawu, "Ke 'yar nan, wannan ai ya wuce. Zubar da shi." Kawu ya ce, "Haba Iya, sharbot ne fa, dabino ne kawai." Ta ce, "To, ku kuka sani." Ta ja carbinta ta koma ɗaki.

A cikin makon nan ɗin dai 'yan sanda suka kai kasha, wato samame, a layin da ke bayan namu. Suka tafi da wata mata 'yar tsaunukan Nuba mai 'ya'ya uku, saboda jarka. Jarkarta da tamu dabino ne a ciki, da ruwa, da yis. Ita tana turara nata ta sayar a matsayin aragi, mu mun sha namu da sunan sharbot muka yi wa juna barka da sallah. Tun ranar abin yake damuna, kuma shi ya haifi shirin da ake zagina a kansa.

Bari in maimaita abin da na faɗa a rediyo, tunda shi ne laifin. Babu wani sihiri a yin giya. Akwai wata halitta ƙarama da ido ba ya gani, ita ce yis, wadda mutanen Sudan ke kira hamira. Tana nan a bawon 'ya'yan itace, a iska, a jikin tukunyar da ba a wanke da kyau ba. Abincinta sukari ne. In ta ci sai ta fitar da abu biyu: sinadarin da ke sa maye, da iskar da ke sa kumfa. Iskar nan ce ke kumbura ƙullun burodi da na fanke, ita ce kuma ta harba murfin jarkar gidan kawu. Louis Pasteur ɗan Faransa ne ya tabbatar a shekarun 1850 cewa rayayyar halitta ce ke wannan aiki. Amma Larabawa sun daɗe da hango dangantakar, domin hamira da hamru, wato yis da giya, saiwarsu ɗaya a harshensu.

Mai yin giyar inabi a Bodo ta Faransa ba ya yin wani abu da ya wuce wannan. Yana tsinke inabi idan ya nuna ya tara sukari, ya murƙushe, ya bar yis ya yi aikinsa na mako ɗaya zuwa biyu. In jar giya yake so sai ya bar ruwan tare da bawon, domin launi da bauri daga bawo da ƙwallo suke fitowa. In fara yake so sai ya matse ruwan ya raba shi da bawon tun farko. Daga nan ya zuba a gangar katako mai cin lita 225 ta yi watanni, sannan a ɗura a kwalba. Ƙarfinta yakan tsaya tsakanin kashi 12 zuwa 14 cikin 100, domin in ya kusa 15 yis ɗin da kansa yake mutuwa a cikin abin da ya haifa. Giyar kwalba ta hatsi ba ta cika wuce kashi 4 zuwa 6 ba. Abin da ya fi haka ƙarfi, irin aragi, sai an turara: a ɗora a wuta, sinadarin mayen ya riga ruwa tashi domin yana tafasa a digiri 78, a tare tururin a sanyaya. In kuma aka bar giya a buɗe iska ta shige ta, wasu ƙwayoyin halitta ne za su karɓi aikin su mayar da ita ruwan khal. Sana'ar ta tsufa ƙwarai, an tono tulunan da aka yi ta a ciki a ƙasar Jojiya masu shekara wajen 8,000.

Yanzu ka ɗauki wannan ka auna sharbot da shi. Masu wannan sana'a suna da lissafi: kusan giram 17 na sukari a lita guda shi ke ba da kashi 1 cikin 100 na sinadarin maye. Busasshen dabino irin barakawi da ake kawowa daga Dongola da Karima, wajen kashi biyu cikin uku na nauyinsa sukari ne. Kilo guda a ruwa lita biyar ya kai giram 130 a kowace lita, kafin ma uwar gida ta ƙara sukarin kanti. In yis ya cinye rabin wannan kawai, an kusa ƙarfin giyar kwalba. Yis kuma yana son ɗumi, ya fi sauri a wajen digiri 30 zuwa 35, ga Khartum garin da zafi ke haura 40 watanni da dama. Mun ba shi sukari, mun ba shi zafi, mun rufe masa ƙofa, mun ba shi kwana uku ko huɗu. Me muke tsammani zai yi a ciki, tahajjudi?

Ba kowane tsami ne giya ba, wannan ma na faɗa a shirin amma wanda ya yanke bai kai nan ba. Tsamin nono, da na ƙullun kisra, da na gasarar koko, aikin wasu ƙwayoyi ne dabam masu mayar da sukari tsami ba maye ba. Hulu-mur da muke buɗa baki da shi ana tsima ƙullunsa kwanaki, amma daga baya a gasa shi a kan tanda mai zafi, abin da ya taru na maye ya bi tururi. Wanda bai san wannan bambanci ba, ko dai ya haramta wa kansa fura da nono, ko ya halatta wa kansa giya. Farfesa Hamid Dirar na Jami'ar Khartum ya rubuta littafi guda a 1993 a kan tsimammun abincin Sudan da abin shanta, kuma a cikin giyar dabino ya lissafa sharbot, tare da 'yan uwansa nabit da dakkai. Masanin ƙwayoyin halitta ɗan ƙasa ne ya sa shi a wannan layi, ba mai gabatar da shiri ba.

Masu zagina sun ce wannan ilimin mashaya ne, bai dace da bakin Musulmi ba. Ina roƙonsu su koma zauren da suka yi karatu. Giyar da aka kwarara a titunan Madina ranar da ayar Ma'ida ta sauka, Anas ɗan Malik da ke zuba wa mutane a gidan Abu Ɗalha ya faɗi da me aka yi ta: dabino ne, ɗanye da busasshe. Ba inabi ba ne, ba kuma daga Rum aka kawo ta ba. Saboda haka "dabino ne kawai" da kawu ya ce ba hujja ba ce, ita ce ma ainihin tuhumar.

Haka kuma ya tabbata cewa ana jiƙa wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, dabino ko zabibi a ruwa ya sha. Nana A'isha ta ce in an jiƙa da safe ya sha da dare, in an jiƙa da dare ya sha da safe. Ibnu Abbas ya ce ba ya wuce yammacin kwana na uku da shi. An hana tawagar Abdul Ƙaisi jiƙo a cikin gora, da kututturen dabinon da aka fafe, da koren tulu, da mazubin da aka shafe da kwalta, kuma malamai sun bayyana dalili: waɗannan mazubai suna gaggauta juyewar abin sha ba tare da mai shi ya ankara ba. Daga baya an sassauta, amma Malikawa suka ci gaba da ƙin gora da mai kwalta. An hana haɗa dabino da zabibi a jiƙo ɗaya saboda wannan dalilin dai. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaid a gaban malami ya bi ta kan wannan babi. Ibnu Rushd a Bidayatul Mujtahid ya baje saɓanin malaman Kufa da na Hijaz a kan jiƙon da ba na inabi ba. Mazubi, zafi, adadin kwana, haɗin 'ya'yan itace, kumfa: waɗannan su ne darussan farko da ake koya wa mai yin giya a Bodo, kuma su ne malamanmu suka zauna suka tsefe domin su kare mu. Da sun ɗauki batun abin kunya, da ba su bar mana komai ba.

A nan ne masu kare sharbot ke laɓewa. Suna cewa ai bai kai kwana uku ba. Kwana ukun da aka ambata na dabino ne da ruwa a cikin salkar fata da ake wankewa, babu wanda ya zuba mata yis, babu tsiron dawa, babu sukarin kanti. Wanda ya yayyaga takardar yis ya juye a ruwan dabino mai ɗumi ba jiƙo yake yi ba, ya riga ya kunna wutar da kansa, lissafin kwana ya tashi daga aiki. Ni ba mufti ba ne, amma a ganina jarkar roba mai murfin murɗawa ita ce mazubi mai kwalta na zamaninmu. Mazhabar da muke bi kuwa ƙa'idarta a fili take: abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. An kuma gargaɗe mu tun tuni cewa wasu daga cikin al'umma za su sha giya suna kiran ta da wani suna. Kullum muna ɗauka da wasu ake.

Suna yana ruɗar harshe, har na ƙwararru. A Paris, a watan Mayun 1976, wani ɗan kasuwa ɗan Ingila, Steven Spurrier, ya tara alƙalai tara 'yan Faransa masu ji da kansu a ɗanɗanon giyar inabi, ya ɓoye sunayen kwalabe. Suka ba giyar Kalifoniya ta Amurka matsayi na ɗaya a ja da fara, alhali da sun ga takardar jikin kwalbar da ba su ko kalle ta ba. In suna zai iya rufe bakin wanda sana'arsa ke nan, yaya ga mu da muke son abin ya zama halal tun kafin mu kurɓa?

Su waɗannan masu ɗanɗano suna da tsari. Mutum zai zuba kaɗan a kofin gilashi, ya ɗaga ya duba launi, ya juya kofin ya shinshina, ya kurɓa ya wulwula a baki yana neman zaƙi da tsami da bauri da zafin da ke bin maƙogwaro, sannan ya tofar. Da na karanta wannan a karo na farko sai na tuna Iya a Umbadda: ta duba kumfa, ta shinshina, ta ɗiga a harshe, ta tofar. Matakai huɗun nan dai. Bature yana yi domin ya sa wa kwalba farashi, Iya tana yi domin ta san lokacin zubarwa. Ita ba ta yi makarantar boko ba, amma ta gaji wannan sani daga uwarta, kuma mu jikokinta mun yar da shi saboda an koya mana cewa ambaton abin ma zunubi ne. Sai muka rage da kofi a hannu ba mu da hanci.

Yanzu mu zo ga wanda ke biyan kuɗin wannan shiru. Omdurman ta ga hani iri-iri. Mahadi da halifansa sun hana marisa, giyar dawa mai kama da burkutu, suka hana taba, suka yi bulala a kai a ƙarshen ƙarni na 19. Zamanin Ingilishi gidajen marisa da ake kira indaya suka dawo fili, aka kuma kafa kamfanin giya a Bahri mai tambarin raƙumi. A watan Satumban 1983 Ja'afar Numairi ya kafa dokokinsa, aka kwarara kwalabe a cikin Nilu a gaban jama'a, kamfanin ya rufe. Dokar laifuka ta 1991 ta gwamnatin Umar al-Bashir ta sa bulala 40 ga Musulmin da ya sha, ta sa hukunci ga mai yi da mai sayarwa, dokar kiyaye tarbiyyar jama'a ta jihar Khartum ta 1996 kuma ta ba 'yan sanda da kotunan gaggawa hannu. An soke wannan ta biyun a Nuwamban 2019, a Yulin 2020 kuma aka sassauta wa waɗanda ba Musulmi ba.

A cikin waɗannan shekaru talatin da ɗoriya, su wa suka cika kurkukun mata na Omdurman? Masu binciken haƙƙin ɗan Adam sun sha rubutawa: yawancinsu matan Kudu ne da na tsaunukan Nuba da yaƙi ya koro, suka zauna a gefen gari irin su Mayo da Hajj Yusuf, ba gona, ba miji, ba aiki, sai tukunya. Wasu sun shiga da goyo. Mai kuɗi kuwa yana shan tasa ta kwalba a bayan doguwar katanga a Riyad ko Amarat, ba a taɓa ƙwanƙwasa masa ƙofa ba. Mu na tsakiya muna da sharbot da suna mai kyau. A ƙasan kowa kuma akwai yaran titi: a tsakiyar 2011 gommansu suka mutu a Khartum da Omdurman cikin 'yan kwanaki bayan sun sha sibirto, sinadarin masana'antu mai ɗauke da gubar metanol, wadda ke makantar da mutum kafin ta kashe shi. Ba wanda ya taɓa gaya musu bambancin wannan da abin da suke nema. Ga amfanin shirun da ake so in yi.

Ba ina cewa a buɗe mashaya ba ne. Na ga abin da aragi ya yi wa maza a unguwarmu, na ga albashin wata ya ƙare a dare biyu, na ga matan da suka kwana a gidan maƙwabta saboda duka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa barasa ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a shekarar 2019 kaɗai, ta kuma faɗa a farkon 2023 cewa babu wani adadi da za a ce shan sa ba ya cutarwa. Labarin da ake yaɗawa cewa kofi guda na jar giya yana gyara zuciya, masu binciken ma sun ja baya daga gare shi. Abin da nake cewa shi ne, in da gaske muke ƙin ta, mu ƙi ta a jarkarmu kafin mu ƙi ta a jarkar maƙwabciya. Laifi tudu ne, mun taka namu muna hango na matar Nuba.

Hujja ɗaya ce daga masu sukata na ɗauka da muhimmanci, ita ce ta baiwar Allahn da ta ce zan koya wa ɗanta. Hajiya, na ji tsoronki, kuma tsoron uwa ba abin wasa ba ne. Amma yaron da ke neman hanyar yin giya wayar da ke aljihunsa ta riga ni, ba ya jiran shirin ƙarfe tara na dare. Wanda bai sani ba shi ne ke, da ni, da matar kawu, mutanen da ba su da niyyar saɓo. Ɗan autan gidan kawu ba a lungu ya fara jin maye ba. A tsakar gida ne, ranar sallah, daga hannun mahaifiyarsa, da bismillah. In akwai ƙofar da shaiɗan ya fi so, ita ce wadda masu gida suka rantse babu ita.

Ku kuma 'yan uwa na Kano da Katsina da Maraɗi da kuka shiga zagin, kada ku ɗauka wannan matsalar mutanen Sudan ce. Wa bai taɓa buɗe gorar kunun aya da ta wuni a rana ya ji ta yi tsaki ba? Kunun aya da dabino da kwakwa, zoɓo mai sukari da abarba, lemon citta, kunun zaƙi da ya kwana ba wuta a firji: duka sukari ne da ruwa da ɗumi a rufaffiyar roba. Yawanci abin da ya taru kaɗan ne, tsami ke riga shi, cikin mutum ne zai ɓaci kafin kansa. Amma hanyar ɗaya ce, kuma mai sayarwar da ta san hanyar ita ce za ta san yaushe za ta zubar ta ɗauki asara. Ga shi kuma yaƙi ya kawo muku mu, da tukwanenmu da sharbot ɗinmu. Sallah mai zuwa wata maƙwabciya za ta aiko muku da shi a jug, cikin mutunci da zumunci.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. Uwar gida da ke son sharbot ta dafa dabinonta da kayan ƙamshi, ta tace, ta sanyaya, a sha a ranar ko washegari, kada ta zuba yis ko tsiro. Daɗin citta da kirfa yana nan, kuma shi ne ke taimakon ciki bayan nama. In ta ga robar ta kumbura, ko murfi ya yi tsaki, ko kumfa na tasowa daga ƙasa ba tare da an girgiza ba, ko zaƙin ya ragu wani kaifi ya maye gurbinsa, ta zubar, kada ta ce a ba yara. Malamai masu wa'azin goman farko na Zulhajji, bayan sun gama bayanin shekarun rago da lafiyar ƙahonsa, su ba wannan babi minti biyar, su kira yis da sunansa, su kira jarka da sunanta. Abokan aikina na rediyo kuma su daina gudun batun saboda tsoron waya. Na sha zagin, ban mutu ba.

Iya ta rasu kafin yaƙi, Allah Ya jiƙanta. Kawu yana Gadarif yanzu da iyalinsa. Da muryar shirin ta sake yawo ya kira ni, na ɗauka faɗa zai yi. Muka gaisa, ya tambayi yara, ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, abin nan da ka faɗa na kumfa, daga ƙasa ka ce yake tasowa ko daga sama?" Na ce daga ƙasa, Kawu. Ya ce, "To, bari in gaya wa gwaggonka."

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, Ya kuma mayar da mu gidajenmu lafiya.